Bayan lisans na lissafi, ƙididdiga nake nuna wa ƙannena

A nan arewacin Kamaru, wanda ya gama lisans, wato digiri na farko, na lissafi hanya biyu aka saba nuna masa. Ko ya nemi shiga makarantar horon malamai ta Marwa ya fito ya riƙe alli, ko ya ninke takardarsa ya jefa akwati ya bi kawunsa kasuwa. Duka biyun sana'o'in mutunci ne. Ni ma na riƙe alli a wata kwaleji a Garwa kafin in koma karatu, kuma har gobe ina jin daɗi idan yaran da na koyar suka tare ni a hanya. Abin da ke ci mini rai shi ne hanya ta uku da ba a cika ambatonta a gidajenmu ba, wato mutum ya ɗora karatun ƙididdiga a kan lissafin da ya riga ya iya. Ta nan na bi. Na yi lisans a jami'ar Ngawundare, can Dang, na sauka Yawunde na yi mastar, yanzu aikina tsara binciken gida-gida da nazarin abin da aka tattaro, galibi a kan lafiyar mata da ƙananan yara. Duk ƙani ko ƙanwar da ta zo mini da takardar lissafi, ko fizik, ko tattalin arziki, ko kwamfuta, tana tambayar ina za ta nufa, wannan ƙofar nake fara nuna mata.

Dalilina yana cikin wani adadi, 74.3. A 2014 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar da binciken rayuwar iyalai karo na huɗu, wanda ake kira ECAM 4. Sakamakon ya nuna kashi 37.5 cikin ɗari na mutanen Kamaru suna ƙasa da layin talauci, wanda aka yanke a sefa 931 a yini ga babban mutum guda. Da aka rarraba yanki-yanki, Duwala ta tashi da 4.2, Yawunde da 5.4, jihar Arewa da 67.9, Arewa Mai Nisa kuwa 74.3. An yi shekaru ana maimaita wannan adadi a taruka da takardun neman tallafi, kuma da irinsa ake yanke inda za a haƙa rijiya da inda za a kai magani. Mu ne a cikin adadin, iyayenmu ne aka tambaya. Amma a tarukan aikin da nake zama, 'yan arewa sun fi yawa a layin masu zagaya gidaje da masu tafinta. A teburin da ake yanke gidaje nawa za a shiga, wace tambaya za a yi, yaya za a karanta sakamako, sau da yawa in na waiwaya ni kaɗai ce. Ba wanda ya hana mu kujerar nan. Takardar da ake zama da ita ce ba mu nema ba.

Abu na farko da mai lissafi ya kamata ya sani, karatun zai juya masa tunani. A lisans an saba a ba ka sharuɗɗa, ka bi su daki-daki har ka kai ga hujjar da ba mai ja da ita. A ƙididdiga daga ƙarshe ake farawa. Ga abin da aka gani a gidaje dubu, to me za ka iya faɗa a kan gidaje miliyan da ba ka taka ba, kuma kuskurenka zai iya kai nawa? Amsar ba ta zuwa ita kaɗai, kullum da tazarar kuskurenta take tafe. Na ga ɗalibai masu kaifin kai da wannan ya dame su wata da watanni, suna jin kamar an rage wa lissafi daraja. Ni kuwa a nan na ƙara son sa, domin a nan na ga ana auna rashin sani kansa da lissafi mai tsauri.

Shekarar farko nauyinta a ilimin yiwuwa yake, sai kimanta adadi daga samfuri, wato 'yan kaɗan da aka ɗebo su wakilci sauran, da gwajin zato, da hanyoyin gano yadda abu ɗaya ke tafiya da wani. Wanda ya riƙe aljebrar matiris da analiz da kyau a lisans zai ga rabin hanyar a share take. Daga nan sai nazarin abin da ke sauyawa da lokaci, kamar farashin dawa wata bayan wata, da tsara gwajin gona. Wannan na ƙarshe Ronald Fisher ne ya kafa ginshiƙinsa a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, kuma irin tsarin nan na raba fili gida-gida a jefa ƙuri'a a kan wane iri zai hau wane gida, shi ake bi a filayen gwajin auduga da dawa na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru. Sai kwamfuta, kullum kwamfuta. Manhajar R kyauta ce, ofisoshi da yawa kuma Stata ko SPSS suke amfani da su, tattara bayanai a fili kuwa ya koma kan tabilet da CSPro ko KoboToolbox.

Darasin da ya fi kama ni shi ne na zaɓen samfuri, bari in ɗan tsaya a kansa. Mai sayen gyaɗa a kasuwar Pitowa ranar Lahadi ba ya yarda da saman buhu, hannu yake zurawa ya ɗebo daga inda mai kaya bai shirya ba. Aikin ƙuri'a ke nan a wurinmu: ta hana mai bincike zaɓen gidajen bakin titi da na masu fara'a. Idan ka zaɓo mutum 1,067 da ƙuri'a tsantsa, sau 95 cikin 100 kuskurenka a kan kaso ba zai wuce maki 3 sama ko ƙasa ba, ko garin na mutum dubu ɗari ne ko ƙasar ta miliyan ashirin ce. In kana son kuskuren ya ragu zuwa rabi, sai ka ninka samfurin sau huɗu. Shi ya sa gidaje dubu goma da 'yan kai suke isa a yi magana a kan Kamaru baki ɗaya.

Sai dai ba mai kuɗin tura mota Poli saboda gida ɗaya, ya tura wata Mokolo saboda gida ɗaya. Don haka mataki biyu ake yi: a zaɓi unguwanni da ƙauyuka, a je a rubuta duk gidajen da ke ciki, sannan a zaɓi wasu a cikinsu. Maƙwabta kuwa sun yi kama da juna, rijiyarsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, daminarsu ɗaya, saboda haka gida na ashirin a ƙauye guda ba ya ƙara maka sani kamar na farko. Akwai lissafin wannan. Idan gidaje 20 ka ɗauka a kowane gungu, kamannin da ke tsakaninsu kuma 0.05 ne kacal, sai ka ninka 19 da 0.05 ka ƙara 1, ka samu 1.95. Ma'ana gidajenka 1,000 ƙarfinsu bai wuce na 513 ba. Rahotanni nawa na karanta waɗanda aka manta da wannan a cikinsu, aka ce wannan gunduma ta fi waccan, alhali bambancin bai fita daga cikin tazarar kuskure ba.

Ƙarƙashin wannan duka akwai ƙidayar jama'a, domin daga taswirarta ake zaɓen unguwannin. Kamaru ta yi ƙidaya a 1976 da 1987 da 2005. Ta 2005 ta samu mutum kusan miliyan 17 da rabi, sakamakon kuma bai fito ba sai 2010. Shekaru masu yawa bayan haka hasashe ake yi daga waccan ƙidayar. A tsakanin nan an buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, rikicin Boko Haram ya kwashe ƙauyuka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, unguwanni sun tsiro a gefen Marwa da Garwa inda da gonaki ne. In ka ga rahoton cibiyar lafiya ya ce an yi wa yara kashi 120 cikin ɗari rigakafi, yawanci ba ƙarya ma'aikatan suka yi ba. Adadin yaran da aka raba da shi ne ya tsufa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce wannan karatu namu ne. Duk kyan lissafin da za a yi a ofis, bayanan a tsakar gida ake haifarsu, kuma mu muka san tsakar gidan.

Ɗauki maganar iyali. Ƙa'idar bincike ta ce iyali su ne masu kwana wuri ɗaya, suna ci tare, suna ƙarƙashin mutum ɗaya. To shiga gida irin na unguwarmu. Maigida da mata uku, girki yana zagayawa. Babban ɗa ya yi aure, yana sashensa, wani lokaci tukunyarsa daban, wani lokaci a haɗe. Ga 'yar riƙo, ga almajirai biyu da ke kwana a zaure suna cin abin da ya samu, ga tsohuwa a gidan baya da ake kai wa kwano safe da dare. Iyali nawa ne a nan, mutum nawa a kowanne? Da wannan adadin za a raba abin da gidan ya ci a ga ko ya haye layin talauci. In mai tambaya ɗaya ya haɗa, wani ya raba, talaucin gunduma ya motsa ba tare da kowa ya ƙara ko ya rage loma ba. Wanda ya girma a irin gidan nan shi ya fi cancanta ya rubuta ƙa'idar da masu zagaye za su bi.

Tarihin haihuwa ya fi wannan laushi. Wata rana a wani ƙauye kusa da Gidar na zauna gefe ina sauraren wata yarinya cikin masu tambayarmu tana cike takardar wata baiwar Allah. Ta lissafa 'ya'yanta, yarinyar ta ce, "Inna, su ke nan?" Ta ce, "Su ke nan, 'yar nan." Sai abokiyar zamanta daga bakin madafa ta ce, "Ba ta sa babban ba." Kunyar ɗan fari ce, ba ta faɗin sunansa, ba ta sa shi a lissafi a gaban baƙi. Mu wannan ba labari ba ne a wurinmu. Amma wanda ke Yawunde yana kallon tebur zai ga mace ta fara haihuwa a makare, ya gina bayani a kai. Haka jaririn da ya koma kafin suna. Uwa da yawa ba ta ambatonsa in an ce ta lissafa 'ya'yanta, ba shi da suna, kuma tuna shi ciwo ne. Mutuwar jarirai a makon farko kuwa tana cikin abubuwan da binciken ya fi son sani. Ni nakan koya wa masu tambaya su bari sai an saki jiki, sannan su ce a hankali, "Inna, akwai wanda ya zo bai zauna ba?" Su yi mata addu'a kafin su rubuta. Duk inda na ga tazarar shekara huɗu ko biyar tsakanin haihuwa biyu a takarda, nakan ce a koma a sake gaisawa.

Shekaru ma haka. Tambayi manya shekarunsu, za ka ga amsoshi sun taru a 30, 35, 40, 50. Masana yawan jama'a suna da ma'aunin wannan, na Whipple, wanda ke duba masu shekara 23 zuwa 62: in ya ba da 100 babu taruwa, in ya ba da 500 kowa ya faɗi adadi mai ƙarewa da sifiri ko biyar. A kan yara abin ya fi tsanani, domin ana gane tsumburewa ne ta gwada tsawon yaro da watanninsa, kuskuren wata uku kuwa yana iya mayar da lafiyayye maras lafiya a takarda. Uwa ta san lokacin da ta haihu sarai, da watanninmu ta sani: watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, tsakanin salloli. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, a shekara uku an samu wata guda ke nan, sai an yi juyin da hankali. Akan haɗa da kalandar abubuwan da gari ba ya mantawa. A Garwa muna da ambaliyar Binuwai ta 2012, muna da wasannin kofin Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya a Janairun 2022. Ga manya akwai saukar Ahmadu Ahijo daga mulki a Nuwamban 1982 da karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Baƙo ba zai iya tsara wannan kalandar ba sai ya tambaye mu.

Ban ma shiga maganar awo ba, kwano da mudu da tiya, da koro na 'yan'uwanmu na Chadi, waɗanda girmansu ke sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma dole a mayar da su kilo. Ko makiyayin da ba zai faɗi adadin shanunsa ba, saboda tsoron baki da kuma tunawa da jangali. Ko bambancin amsar da za ka samu a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, da wadda za ka samu a Disamba bayan kaka. Wannan sanin mun same shi kyauta, da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa a bakinmu. Shi kaɗai tafinta zai bar mutum. In aka haɗa shi da mastar, mutum ya zama wanda ke tsara aikin.

Ina ake karatun? A Yawunde akwai ISSEA, makarantar ƙididdiga ta ƙasashe shida na ƙungiyar tattalin arziki ta CEMAC, wato Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini. Babban matakinta ga mai lisans shi ne ISE, karatun shekara uku da ke haɗa ƙididdiga da tattalin arziki, da ƙofa biyu, ta masu lissafi da ta masu tattalin arziki. Konkur ɗin, wato jarrabawar shiga, na haɗin gwiwa ne da takwarorinta ENSEA ta Abijan da ENSAE ta Dakar, galibi a watan Afrilu ake rubuta shi, kuma akwai iyakar shekarun haihuwa, don haka ba abin a ce sai an huta ba ne. Tsoffin tambayoyin da amsoshinsu suna intanet kyauta. Abin da nake ja wa 'yan lissafi kunne a kai, ban da takardun lissafi akwai rubutun Faransanci da taƙaita dogon rubutu, kuma yaranmu da yawa tun bayan bak, jarrabawar gama sakandare, ba su sake rubuta shafi uku a jere ba. A fara karanta jarida ana taƙaitawa tun yanzu.

A Yawunden dai akwai IFORD, wadda ke horar da masana yawan jama'a tun farkon shekarun 1970, ga wanda ƙidaya da haihuwa da ƙaura suka fi jan hankalinsa. A Limbe akwai AIMS, reshen cibiyar da Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003. Ta Kamaru an buɗe ta a 2013, mastar ce ta kusan shekara guda, da Ingilishi, wanda aka ɗauka kuma an ɗauke masa kuɗin karatu da ci da kwana. Ba ƙididdiga zalla ake yi ba, amma gada ce mai kyau zuwa dakta. Sai mastar na jami'o'in gwamnati, a duba sassan lissafi na Ngawundare da Marwa da Yawunde a tambayi abin da suka buɗe a shekarar. Mu na Garwa Yola na kusa da mu, ga Zariya da Ibadan ga mai Ingilishi, sai dai wanda ya karanto a waje zai nemi a daidaita masa takardarsa a ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin ya nemi aikin gwamnati. Kwasa-kwasan wata uku da ake tallatawa a Facebook da sunan kimiyyar bayanai kuwa, ba na hana kowa, suna koya danna manhaja. Amma ba za su koya maka dalilin da ya sa 1,000 ta koma 513 ba.

Ga 'yan'uwana mata, na san tambayar da ke jiranku a gida. Da na kai wa babana maganar, bai tambayi kuɗi ba, cewa ya yi, "A gidan wa za ki zauna?" Goggona da ke unguwar Briketeri ce ta warware mana, ita ta kira shi da kanta ta ce, "Yaya, ka turo mini ita, amanarka tana hannuna." Ranar tafiya shi ya raka ni har tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare. Ku fara shirya amsar wannan tambayar kafin ku kai maganar, ku nemi babba a dangi ya shige muku gaba. Aikin yana bukatarku ƙwarai. Akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, akwai tambayoyin da mace ba za ta amsa wa namiji ba ko da an bar shi ya shiga.

Aiki akwai shi, INS da BUCREP mai kula da ƙidaya, babban bankin BEAC, ma'aikatu, kamfanin auduga na SODECOTON, kamfanonin waya da na inshora, da ƙungiyoyin agaji da suka cika Marwa. Gaskiya dai yawancin na ƙungiyoyi kwantiragi ne na 'yan watanni, kuma kaso mafi girma na yinin mutum yana tafiya ne a gyaran bayanai, neman yaron da aka rubuta ya girmi uwarsa, ko buhun da aka shigar a matsayin kwano. Wanda ba shi da haƙurin wannan zai wahala. Akwai kuma ranar da wani babba zai tsaya a kanka yana son adadin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka saboda masu ba da kuɗi. Ta taɓa zuwa mini a wani wurin aiki. Na buɗe masa lissafin tun daga tushe, na nuna masa tazarar, na ce abin da zan iya sa wa hannu ke nan. Ƙarfin faɗin haka daga karatun ya zo, domin na san kowane mataki da adadin ya bi.

Abin da nake fata in gani shi ne kundayen kammala karatu a kan ƙasarmu. Tun 2016 ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata a lokacin damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, a Janairun 2024 kuma Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar zazzaɓin cikin rigakafin yara na yau da kullum. Raba tasirin maganin da na allurar da na gidan sauro da na yawan ruwan shekara aiki ne na ƙwararren mai ƙididdiga. Ga farashin albasar Marwa da ke hawa da sauka kowace shekara manoma na asara, ga dawar muskuwari da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka, bayan ruwa ya janye, ga ranar faɗuwar damina da manoman auduga ke cewa ta sauya. Kowanne a cikinsu ya ishi mutum mastar har da dakta.

Mai niyyar rubuta konkur na Afrilu, a farkon shekara ake rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga. Ya fara tattara kwafin takardar haihuwa da takardun makinsa na jami'a tun watan Nuwamba, ya sauke tsoffin tambayoyin, ya nemi abokai biyu ko uku su riƙa zama duk Asabar suna warware takarda guda da agogo a gabansu.